Biron Sama'ilu

Duk Bagwai babu wanda bai san Sama'ilu mai fotokwafi ba. Asalinsa manomin gyaɗa ne. Da gona ta yi wa gidansu kaɗan, sai ya sayi tsohon inji ya kafa a ɗan shago bakin tasha. Ɗaliban wata makarantar koyon aikin lafiya su ne masu cinikinsa. Littafin da ya fi ƙarfin aljihunsu, guda za su aro, Sama'ilu ya buga wa aji duka.

Matsoraci ne, wannan kowa ya shaida. Da ya hango baƙuwar mota, zai cusa littattafan cikin buhun gyaɗa, wai masu kamen satar littafi ne. Har 'yan acaɓa sun mai da shi abin tsokana. Shekara da shekaru yana tsoron bakin ƙofa, bai taɓa tsoron bironsa ba.

Injin kuwa ya tsufa, yakan cinye rubutun gefen shafi. Sau da yawa kafin Sama'ilu ya lura, mai littafi ya karɓe abinsa. Shi kuma ba ya so a raina aikinsa, sai ya ɗauki baƙin biro ya cike inda ya dishe da abin da ya fi kama, ya buga sauran daga nan.

Ranar da zazzaɓi ya kama autarsa Tahira har tana sanƙarewa, ya saɓa ta sai ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar, Raudatu, ta auna nauyin yarinyar, ta jawo wani littafi mai shuɗin bango don ta duba yawan maganin da za ta ɗiba. Sama'ilu ya gane ɗinkinsa, bugun shagonsa ne. Ya leƙa. Lambar da ta ɗora wa yatsa, da hannunsa ya rubuta ta.

Tsoro ya rufe shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya kasa tuna ko ganin lambar ya yi a ranar, ko canka ya yi.

"Malama, don Allah dakata," ya ce. "Wannan lambar ni na rubuta. Ban sani ba ko daidai ce."

Raudatu ta ajiye allurar, ta buga wa shugabansu waya. Tahira na ta nishi a kafaɗar ubanta. Kafin a ɗauka, Raudatu ta dube shi.

"Baba, duk 'yan ajinmu da littafin nan muke aiki."