Shekara Biyar Da Aka Rage Wa Isufu

Shekara bakwai ke nan da muka kai aminina Isufu makwancinsa a bayan birnin Lyon. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin abin da ya fi cancanta in faɗa amana ce ya ba ni, kuma sai bana ta sauka daga wuyana.

Damina ɗaya aka haife mu a Damagaram, katanga ce kawai ta raba gidajenmu. Ni an kai ni lakwal, wato makarantar boko, da wuri. Shi kuwa duk lokacin da masu ɗaukar yara makaranta suka shigo unguwa, sai mahaifinsa ya tura shi ƙauye wajen kakarsa. Ranar da aka cafke shi yana da shekara goma sha biyu, amma ɗan tsurut ne. Malamin ya sa shi ya zagaya hannu bisa kai ya kamo kunnensa, ya dube shi sama da ƙasa, ya rubuta bakwai. Tun daga ranar takarda ta mai da ni yayansa da shekara biyar, ni kuwa ban taɓa yafe masa girman ba. Ko a waya ya kira sai na ce, "Yaro, durƙusa tukuna."

Da wannan takarda ya zo karatu Faransa, da ita ya zama ɗan ƙasa, da ita ya shiga aikin kwana-kwana. Abin ya daina ba ni dariya lokacin da na ajiye aikin tafinta a Paris, na koma unguwar Stains ina shan shayi da 'yan'uwana tsofaffi. Sa'ana kuwa yana can Lyon yana hawa benayen unguwar Minguettes da tukunyar iska a baya, wai shi da sauran shekaru.

Na same shi har gida na ce mu je kotu a Damagaram a gyara takardar, ni ne shaida. Ya girgiza kai. "Idan na ce ta farko ƙarya ce, duk wadda aka ɗora a kanta ta zama ƙarya. In suka taɓa fansho, Rakiya fa?" Rakiya matarsa ce. Ko lauya ya ƙi tambaya, don tsoro. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba muddin tana raye, har 'ya'yansa. Na yi fushi da shi ƙwarai, kuma har yau ban tabbata wane ne mai gaskiya a cikinmu ba.

Ya bar aiki takarda na cewa hamsin da tara, gwiwoyinsa da huhunsa na cewa sittin da huɗu. Bai cika shekara biyu yana cin fanshon ba Allah ya karɓi abinsa. Hajiya Rakiya ta ci gaba da karɓar kasonta ba wanda ya tambaye ta komai, har ta bi shi a farkon bana.

Yanzu ga shi ana ta muhawara kan ƙudurin da zai ƙara wa 'yan kwana-kwana shekarun aiki kafin fansho. Nakan tambayi kaina abin da Isufu zai ce. Zanga-zanga dai ba zai fita ba, mutum ne da ko takardar kuɗin lantarki aka turo masa sai gabansa ya faɗi. Amma da masu ƙudurin za su zauna da shi, ba su da buƙatar wani dogon bincike. Shi ya riga ya gwada musu abin a jikinsa, kuma na ga yadda ya ƙare.

Watan jiya ɗansa Karim, wanda shi ma aikin yake yi a Vaulx-en-Velin kusa da Lyon, ya zo Paris da abokan aikinsa kan wannan magana, ya biyo ta gidana. Tonton yake kirana, wato kawu. Muna cin abinci ya ce, "Tonton, abin da nake tsoro kada in zama kamar Papa. Bai kai sittin ba ƙarfinsa ya ƙare. Franchement, gaskiya har kunya nake ji in ana maganarsa a kazerne, barikinmu."

Na ajiye cokali. Na gaya masa komai, tun daga ƙauyen kakar ubansa.

Ya saurare ni har ƙarshe. Can ya ba ni labarin da ban sani ba. Shekarar da ya fara aiki an haɗa su atisaye a wani dogon bene, shi da mahaifinsa da wasu, kowa da kayansa a baya. A hawa na tara ya tarar da tsohon ya dafa bango yana haki, samari na wucewa suna murmushi. Shi ma ya wuce, kamar bai san shi ba.

"Ya ƙarasa?" na tambaye shi.

"Ya ƙarasa. Shi ne na ƙarshe, amma ya ƙarasa."

Isufu bai bar gida a Damagaram ba, bai bar suna a jikin wani titi ba, ko kwanan watan haihuwar da ke allon kabarinsa ba nasa ba ne. Abin da ya bari shi ne mace da ta tsufa ba ta nemi komai a hannun kowa ba, da mutanen da ya sauko da su daga hayaƙi waɗanda ba su san sunansa ba. Ni kuma ya bar mini nauyin shirun da na yi, domin na kare fanshon Rakiya, amma na bar ɗa yana raina ubansa shekara da shekaru.

Da na raka Karim tashar jirgin ƙasa, ya tsaya yana lissafi da yatsu. Ya ɗago ido ya cika da hawaye, ya ce, "Ke nan ran nan sittin da biyu gare shi, Tonton. Kuma ko waiwayowa ban yi ba."

Allah ya jiƙan Isufu, ya yafe mana mu da muka rage.