Daɓen da Na Sa Aka Yi wa Ramin Bature

Shekarar da aka ce mun sami mulkin kai, ba ni da ko dami ɗaya a rumbu. Daminar da ta wuce, ruwa ya ɗauke gerona na cikin fitar da kai. Kafin sanyi ya ƙare mun share abin da muka samu. Maza suka tafi cin rani kudu. Ni ban iya ba. Ƙafata ta hagu ta karye tun zamanin aikin hanya na dole, ɗorin bai kamu daidai ba. Ina da mata da yara biyu. Uku mun riga mun binne.

A bakin garin Cadawa akwai wani Bature mai sayen gyaɗa. Ya taɓa zama Kano, can ya koyo Hausa, can kuma ya koyo wani wasa da suke ce wa golf. Ƙwallo ce fara mai tauri, ba ta kai ƙwan zabo ba. A buge ta da sanda mai kan ƙarfe daga nesa, a bi ta, a sake bugu, har ta faɗa wani ɗan rami. A ƙasarsu, in ji shi, ciyawa ake shukawa kewaye da ramin. Mu ba mu da ruwan ciyawa. Sai ya sa aka share fili bayan gidansa, faɗinsa kamar masussuka, aka zuba yashi da aka cuɗa da baƙin man motocin gyaɗa don kada iska ta kwashe. A tsakiya aka binne gwangwani. Shi ne ramin.

Kula da wannan fili ya ɗauke ni yi. Ladana hatsi ne, ana auna mini duk ranar kasuwa. Da shi gidana ke ci. Babu wani abu bayan shi.

Aikin kamar ba aiki ba ne, amma ba ya ƙarewa. Akwai katako da aka naɗe da buhu, an ɗaura masa igiya. Kafin ya buga sai na ja shi daga inda ƙwallon take har bakin rami. Ya buga, ya taka, in sake ja. Da na daɗe sai na san yashin nan kamar gonata. Da safe in raɓa ta sauka, yashi ya yi nauyi, ƙwallo ta tafi kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta tsaya taki ɗaya kafin rami. Da rana mai ya narke, yashi ya manne mata. Da la'asar ne take gudu daidai. In mai ya yi yawa laifina ne. In ya yi kaɗan iska ta tara yashi gefe guda, shi ma laifina ne.

Inda ya fi wuya shi ne taki biyun nan na kusa da rami. A nan ƙwallo ta gaji, ƙarfinta ya ƙare, kowane abu yana iya juya ta. Kashin akuya ɗaya ya isa. Sawun zabo ya isa. Shi kansa Baturen in ya sunkuya ɗaukar ƙwallo, takalminsa na danne ƙasa kewaye da gwangwanin, bakin rami ya taso kamar cibiya. Ƙwallo ta zo a hankali, ta sunsuna, ta kauce. Ya juyo ya dube ni. Ban taɓa gaya masa ƙafarsa ce ba.

Zabin gari kuma sun mai da wurin gidan wanka. Tururuwa ta haƙa gidanta a gefen gabas, na toshe, ta buɗe a yamma. Kullum da asuba in zo in tarar an ɓata na jiya. Ƙafar nan tana ja, ni ina jan buhu.

Da bazara ta kama, Bature ya ce zai tafi Maraɗi kwana goma, manyansu na taro kan yadda ciniki zai kasance in an sauke tutarsu. Na zauna a gindin bishiyar bedi ina kallon filin. Na ce a raina, mutumin nan me yake so? Wurin da ba rami ba tudu, wanda ƙafa ba ta lotsa shi, kaza ba ta tone shi. Ai mu muna da wannan tun kakanni. Daɓe ne. Duk ɗakin da aka daɓe, shekara goma ba ya neman gyara.

Na gaya wa matata. Ta ce daɓe ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai an kira gayya, kuma sai an sami Gwaggo. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ke jan matan unguwarmu a kowane daɓe. Na je na durƙusa na roƙe ta. Ta tambaye ni ɗakin wa. Na ce ba ɗaki ba ne, fili ne. Ta tambaya me za a shanya a kai. Na ce ba komai, ƙwallo za a gara. Ta yi dariya har ta yi tari, ta ce ashe yunwa ta taɓa ni a ka. Amma ta yarda, don ta san abin da ke cikin rumbuna.

Na kwashe yashin duka na watsar a kwari. Na ɗauko marmara a jakin aro. Matata ta jiƙa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke sa daɓe ya yi baƙi ya yi tauri. Awon makon nan rabinsa fura aka dama wa mata. Kwana uku suna durƙushe da madaɓai, suna bugu suna waƙa, a yayyafa makuba a sake bugu. Har da ni suka sa a waƙar, da ƙafata.

Ranar ƙarshe na ga Gwaggo tana tayar wa ramin baki, ɗan zobe mai kaurin yatsa kewaye da gwangwanin. Na ce ta bar shi a shafe.

“Ramin da ba baki, ɗan nan? Ruwa ya cika shi, kunama ta tare ciki?”

“Gwaggo, ƙwallon ba ta hawa tudu.”

“To ta koya. Kai da ko murhu ba ka taɓa ginawa ba, yau kai za ka nuna mini daɓe?”

Mata suka yi shewa. Na san yatsa ɗaya ya isa ya hana ƙwallon shiga, na fi kowa sani a wurin. Amma na gaji, kuma kyauta suke mini. Na bar ta ta ƙarasa.

Daɓen ya bushe ya yi ƙyalli kamar bayan sabuwar tukunya. Zabi suka zo suka zagaya suka koma. Kwana huɗu ban ja buhu ba. Tun da na fara aikin ban taɓa hutawa haka ba.

Bature ya dawo da la'asar. Ko ruwa bai sha ba ya fito da sandarsa. Ya tsaya ya dubi filin, ya dube ni. Matan unguwa sun ji dawowarsa, suna leƙe ta bayan danga.

Ya koma nesa ya bugo. Ƙwallon ta sauka a kan daɓen ta yi ƙara, ta yi tsalle ta wuce kaina, ta shige cikin sabara. Na nemo ta. Ya ajiye ta a kan daɓen, taki biyar daga rami, ya buga yadda ya saba. Ta wuce ramin ta wuce filin. Ya sake, wannan karon taɓa ta kawai ya yi. Ta tafi, ta tafi, ba abin da zai riƙe ta, ta bi wani gangare da ido bai gani ba ta sauka ta kudu. Ya kawo ta kamu ɗaya daga rami, ya sake taɓa ta. Ta hau zoben Gwaggo, ta tsaya, ta dawo wurin takalminsa. Wata ta ƙyalƙyale da dariya a bayan danga, aka toshe mata baki.

Ya durƙusa ya shafa daɓen da tafin hannu. Ya ƙwanƙwasa. Ya tambaye ni wa ya yi, na gaya masa. Ya ce aiki ne mai kyau, ya fi simintin ɗakinsa. Ya ce amma ƙwallo tana son ƙasar da za ta ɗan riƙe ta, in ba a riƙe ta ba ba ta san inda za ta tsaya ba. Sannan ya miƙe.

“Ka fasa shi. In ranar kasuwa ta zo babu yashi a nan, babu awo.”

Na koma gida ban ci tuwo ba. Ba Bature ke damuna ba. Mata sama da goma ne suka ba ni kwana uku na gwiwoyinsu a shekarar yunwa. Na ce wa matata ban san da wane ido zan dubi Gwaggo ba. Tana kankare tukunya, ba ta ɗago ba.

“Malam, daɓe za ka ba yaran nan su ci? Je ka fasa.”

Na ari diga. Sun yi aikin da gaske. In na sara, digar ta dawo mini har kafaɗa. Abin da suka gina kwana uku, kwana huɗu na yi ina fasawa. A rana ta biyu Gwaggo ta zo ta tsaya a kaina da sandarta. Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Ta ɗauki ɓallin daɓe ɗaya ta juya shi ta duba kaurinsa, ta ajiye a hankali, ta tafi. Bayan nan mun ci gaba da gaisawa a suna da jana'iza, amma ba ta ƙara kawo mini gayya ba har ta rasu.

Yashin da na watsar iska ta tafi da shi. Sai da na ɗebo sabo daga kwari, na tankaɗe da rariya, na cuɗa da mai da hannuna. Jakin ma mai shi ya karɓe, sauran a kai na ɗauko. Ranar kasuwa da hantsi na ja buhu. Bature ya buga sau biyu ta tsaya a hanya, yashin sabo ne bai kwanta ba. Na uku ta faɗa gwangwani. Ya ce wa kukunsa a auna mini.

Na ci gaba da jan buhun. Damina ta sauka, ruwa na yanka filin, ina cikewa. Cikin daminar aka canja tuta, na ji ganguna daga cikin gari ina tsince kashin awaki a bakin rami. Baturen bai tafi ba sai bayan kakar gyaɗa. Awon ya kai mu har sabon gero ya nuna. Yaran biyu sun rayu.