Fayil ɗin Malama Rifkatu

Ranar da ba ta fita a raina a duk zamana na ƙungiyar malamai ita ce wata Alhamis da muka zauna tantance malamin da za a karrama a reshenmu na Tarauni. Lokacin ni ne sakataren kwamitin walwala, shekarata ta biyu a kujerar, kuma ina ji da kaina sosai.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, duk ƙarshen shekara kowace firamare takan aiko da sunan malami ɗaya. Kwamiti ya duba fayil ɗinsu ya fitar da gwarzo. Wanda ya ci ana ba shi lambar yabo a gaban taro, ƙungiya kuma ta ɗauki nauyin karatun ɗansa ɗaya a gaba da sakandare. A da, zaɓen ba ya ƙarewa sai da gunaguni, wai ana son kai. Sai na tsara takardar maki: shekarun aiki da makinsu, kowace shaidar halartar bita da nata. Bita ita ce horon kwana biyu ko uku da ake kiran malamai lokaci-lokaci. Kowa ya yaba, ni ma na yaba wa kaina.

A wannan shekarar fayil ɗin Malam Sabo, malamin lissafi a Unguwar Gano, sai da aka ɗaure shi da igiya saboda kauri. Na ƙarshe a jerin kuwa na Malama Rifkatu ne, 'yar Kudancin Kaduna da ke koyar da aji ɗaya a Gyadi-Gyadi, saura mata shekara guda ta yi ritaya. Takardu biyu ne kacal a ciki: ta ɗaukar aiki da wasiƙar hedimasta. Shugabar kwamiti, Hajiya Binta, ta juya fayil ɗin ta ce in je in bincika, ƙila wasu takardun sun zube a hanya.

Washegari na hau adaidaita na tafi. Na same ta aji cike maƙil, ana ta rera baƙaƙe, ga wasu manyan yara zaune a bakin ƙofa suna rubutu. Na tambaya, ta ce 'yan aji uku ne, malaminsu ya tafi bita. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, sai ta yi dariya.

"Malam, in duk muka tafi bita, wa zai riƙe yaran? Na je sau ɗaya tun ina budurwa, takardar ma gara ta cinye."

Hedimasta ya ja ni ofis ya ce haka take tun zuwansa. Duk wanda aka kira horo, ajinsa wurinta yake komawa. Ya ce 'yarta Saratu ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, shi ya sa ya tura sunanta, ita ko sani ba ta yi ba.

Na koma na ba kwamiti labari. Hajiya Binta ta dube ni ta saman tabarau ta tambaya ko takardar makina tana da gurbin riƙon aji. Na ce babu. Ta ce to ƙa'ida ni na rubuta ta, su kuma suka sa hannu, ba za a sauya ta a tsakiyar zaɓe ba.

A al'ada akan kira wanda ke kan gaba a gana da shi kafin sanarwa. Malam Sabo ya zo, ya zauna, idonsa ya faɗa kan jerin sunayen da ke gabana. Ashe ya daɗe a makarantar su Malama Rifkatu kafin a yi masa canji. Ya tambaya ko makinta ke nan da gaske. Na ce e. Sai ya kwance igiyar fayil ɗinsa, ya riƙa ware takardu gefe har suka fi rabi.

"Hajiya, waɗannan duk ita ta riƙe mini aji na je na samo su. Ku raba makin biyu ku ba ta nata. Ku kira sauran malaman makarantar su ma su ba ta rabonta. Ni baɗi ina nan, ita ce mai tafiya."

Hajiya ta miƙo mini biro ta ce sakatare ya yi lissafi. Ban yi nisa ba na ajiye, don na ga in aka ba ta rabonta makinta zai zarce na kowa. Malam Sabo ya rubuta takardar janyewa, sauran 'yan takara da suka ji labari suka bi sahu, ban da mutum ɗaya da ya yi ta ƙorafi har aka yi hutu.

Da na kai wa Malama Rifkatu albishir cewa ita kwamiti ya zaɓa, ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta tambaya ko taron zai faɗo ranar makaranta. Na ce Asabar ce. Ta ce to za ta zo. Saratu yanzu tana aiki a wani asibiti a Hotoro.

Tun daga nan ba mu ƙara ba da maki ba sai mun taka zuwa makarantar mutum mun gan shi a aji. Ku da za ku gaje mu, in malami ya kawo muku tarin takardun bita, ku yaba masa, ya cancanta. Amma kafin ku rufe fayil ɗin, ku tambaye shi sunan wanda ya zauna da yaransa.