Ranar da Aka Tashe Ni Daga Kujera a Bikin Littafina

Ko tsufa ya kwashe min komai daga kai, ba na jin zai iya ɗauke ranar da aka ƙaddamar da littafina na uku a Bauchi. Kafin shi na fitar da littattafai biyu na gajerun labarai, amma Baba bai taɓa jin ko layi ɗaya ba. Manomi ne a Tirwun, bai yi boko ba. Da na gayyace shi sai ya ce, "Zan zo, amma ka karanta min ɗaya, in ji abin da ya raba ka da gona."

Sai na sa aka ware min lokacin karatu a ƙarshen taro. Wautata ke nan. Na manta taronmu ba ya ƙarewa, watsewa kawai yake yi.

Mai gabatarwa ya bi manyan baƙi da kirari ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su zo ba. Wakilin babban baƙo shi ma wakili ya turo. Mai sharhin littafi ya miƙe ya ce ayyuka sun hana shi karantawa, amma daga nauyinsa a hannu ya san akwai ilimi a ciki. Aka yi ta tafi. Wallahi har da ni, don kunya.

Can sai ga wani alhaji da tawagarsa, kujerun gaba kuwa sun cika. Wani ɗan rakiyarsa ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ɗan tashi mana, nan wurin manya ne." Na tashi. Ina tsaye bakin ƙofa aka kira la'asar, aka raba abinci a leda, kowa ya kama gabansa.

Mun hau keke napep za mu koma gida. A hanya sai Baba ya ce, "Ni fa ban gane ba. A cikinsu wanne ne ya rubuta littafin?"

Maganar ta yi min ciwo sosai. Nan take na buɗe littafin na fara karanta masa labarin wata mata da ta bar gida, ina ɗaga murya saboda ƙarar inji. Mai keken ya rage gudu. Da muka iso ƙofar gida ya kashe inji ya juyo. "Haba Malam, ƙarasa mana! Matar ta dawo kuwa?"

"Kar ka katse shi," in ji Baba. "Ɗana ne."

Ranar na koyi cewa labari kunne yake nema, ba manyan baƙi ba.