Takardar Chindo Mati

Shekara takwas ke nan takardar karatun ƙanena Chindo Mati tana kwance cikin wani buro, ofishin gwamnati, a Yamai. An ƙi cewa karatu ne ya yi, an kuma ƙi maido mishi da ita. Sun ce wanda ya cika talatin da biyar ba a ɗaukar shi aikin gwamnati. A kan takarda, Chindo zai cika su ran ɗaya ga Janairu mai zuwa, 1995. A gaskiya kuwa yanzu talatin da biyu gare shi, ba da huɗu ba, kuma ina nan ranar da anka ƙara mishi shekarun.

A Tajaye anka haife mu, babu wanda ya rubuta rana. Da mushe, malamin boko, ya zo ɗibar yaran da za a sa lakwal, sai anka jera su ƙarƙashin gawo. Kowane yaro ya ɗora hannun dama bisa kai ya kamo kunnen hagu. Wanda ya kamo, ya isa lakwal. Chindo dogayen hannuwa gare shi irin na babanmu, yana miƙawa ya cafke kunne har da saura.

Innarmu Tsahara ta ce, "Mushe, yaron ga ko famfarar haƙori bai fara ba. Biyar gare shi."

Mushe ya ce, "Inna, ni kunne anka ce in duba, ba baki ba."

Ya rubuta an haife shi wajen 1960, ɗan shekara biyar ya koma ɗan bakwai.

Ƙanƙantar ba ta hana shi komi ba. Ya yi kwalej a Konni, ya yi lise a Tawa, ya samu bak, takardar shiga jami'a. Gwamnati da kanta ta tura shi wata makaranta a ƙasar Larabawa ya karanto harkar yawon buɗe ido. Shekara uku yana karatun taswira, da tarihi, da Ingilishi da Jamusanci, da dokar tsare kayan tarihi. Lokacin turis, Turawa masu yawon buɗe ido, suna ƙetaro sahara cikin tsofaffin motoci, su biyo ta Agadas da Tawa su faɗo Konni. Hutu biyu ya yi zaune a mararraba cikin rana, yana tsai da su yana tambaya me ya sa suke shan fetur su wuce ba su kwana garinmu. Da amsoshinsu ya rubuta littafin gama makaranta. Ni na buga mishi shi a mashin ɗin rubutu, shafi ɗari da arba'in, saboda haka kada wani ya ce mini ban san abin da ke ciki ba.

Ranar da ya dawo baba ya yanka rago. Bayan an ci ya ce, "To Chindo, me ka karanto?"

"Baba, yadda ake karɓar baƙi."

Baba ya ce, "Ashe uwarka ta riga ka samun diplom."

Kowa ya yi dariya, har shi. Baba manomi ne, kuma wasa yake. Ban san za mu ji maganar nan daga bakin ma'aikacin buro mai karafat a wuya ba.

Akwai kwamitin da ke auna takardun waje ya faɗi matsayinsu. Takardarsu tana da layin malamai, da na likitoci, da na masu aikin gona. Babu layin Chindo. Kowace shekara su zauna, su juya dosiyen takardunsa, su maida shi ƙasa. A 1990 na raka Chindo Yamai da kaina. Mutumin da munka tarar bai ko ce mu zauna ba.

Ya ce, "Madam, wannan ba fannin ilimi ba ne. Yawo ne. Direban tasha ma yana kai baƙi inda suke so."

Na ce, "To wa ya sa hannu anka tura shi?"

"Wannan wani buro ne."

"Ka karanta littafin nasa?"

Ya dubi agogo ya ce lokacin salla ya yi.

Chindo ya koma Konni ya kama aiki a wani masaukin baƙi, yana miƙa makulli yana canza zanen gado. Da hanyar arewa ta lalace turis sunka daina zuwa, anka sallame shi. Yanzu kabu-kabu yake yi, daga tasha zuwa bakin iyaka, da shi yake ciyar da matarsa Bilkisu da ɗiyarsu Lauratu. Abokan babur suna ce mishi Minista. In wata tsohuwa ta sauko da buhun albasa sai su ɗaga murya: "Minista, ga turis ɗinka, yi mata Jamusanci!" Da can yana ramawa. Yanzu ɗaure buhun kawai yake yi.

Watan jiya na je gidansa neman littafin, in kai ma su kwamitin su gani. Bilkisu ta ciro shi daga ƙarƙashin akwati. Gara ta cinye rabi. Chindo ya dube shi, ya ce, "Yaya, ki bar shi hakanan. Na gaji." Ya tada babur ya fita.

Shi ya gaji, ni ban gaji ba. Ku ƴan kwamiti, ku zauna kafin Disamba ta ƙare. Ku kira shi, ku tambaye shi duk abin da kuke so a gaban malaman jami'a. In karatu ne, ku buɗe mishi layi ku sa hannu. In ba karatu ba ne, ku rubuta haka baƙi da fari, da sunayenku a ƙasa, tare da sunan wanda ya tura shi ya ɓata shekara uku. In kuma zaman ya gagare ku bana, ku cire mishi shekara biyun da anka auna da kunne. Ni shaida ce, kuma innarmu tana da rai.