Koriyar Rigar Yaya Atikatu

Ni Zaliha, albasa nake sayarwa a kasuwar Bawku, kuma kowa ya san bakina ba ya ajiye magana. Shekara da shekaru ina faɗa wa yayata Atikatu cewa karatun nas da ta yi asarar ƙuruciya ce. Na faɗa a gabanta, na faɗa a bayanta, har direbobin lori na ba wa saƙo su kai mata. Yanzu in an tayar da zancen sai in ce a bar shi, kuma ga dalilina.

A zangon Salaga aka haife mu. Kakanninmu fataken goro ne da suka zo daga ƙasar Hausa suka zauna, shi ya sa gidanmu ya riƙe wasu al'adu da maƙwabta suka daɗe da saki. Babbar cikinsu ita ce kunyar ɗan fari. Atikatu ce 'yar farin Mma, uwarmu, don haka Mma ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata magana kai tsaye, ba ta zama tabarma ɗaya da ita. Ana yaye ta aka kai ta gidan Goggo Asiatu, ƙanwar babanmu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. In Mma za ta aike ta sai ta dube ni ta ce, "Ki ce wa 'yar gidan Goggo ta ɗebo ruwa," alhali 'yar gidan Goggon tana tsaye kusa da ni tana ji. Ba ƙiyayya ba ce. In an yanka kaza, tsoka mafi kyau ta kan katanga take bi. Amma ni na kwanta a jikin Mma, na yi kuka ta share min hawaye, Yaya kuwa ba ta san wannan ba ko sau ɗaya.

Ta tashi shiru-shiru, mai manyan hannuwa, mai taurin kai irin na waɗanda ba sa gardama. In akuya ta ji ciwo ita ke ɗaure ta. In wanzami ya zo, ita ke riƙe yara. Da ta gama makaranta ta ce aikin jinya take so, matan zango suka yi caa: 'yar mutunci za ta je wanke gyambon maza baƙi? Babanmu Malam Garuba, Allah ya ji ƙansa, ya ce ta tafi. Mma kuwa ta daka yaji, ta soya ƙuli-ƙuli, ta ƙulle gari, ta ce in sa a akwatin "waccan".

A Bawku ta yi karatun, ni ma can aure ya kai ni ba da daɗewa ba, don haka na ga komai da idona. Shekarar yunwa ta 1983 tana tsakiyar karatu. Daji ya ƙone, kasuwa ta bushe, 'yan makarantarsu suna shan kunun jar masara ba sukari. Ta rame har zobenta yana zamewa, amma ba ta fasa ba. Ranar da ta gama ta zo gidana cikin koriyar riga da farin ƙyallen gaba da 'yar farar hula, ga agogo a maƙale a ƙirji. Gaskiya ta yi kyau, har na yi guɗa. Wannan ce guɗa ta farko da ta ƙarshe da na yi wa aikin nan.

Aka tura ta wani ƙaramin asibiti a ƙauye, gabas da Yendi ta hanyar Saboba. Na je ziyara, na dawo da ɓacin rai. Ɗakin magani ne da kantoci har sama, amma abin da ke kansu kwalabe ne wayam da gizo-gizo. Sirinji na gilas ne, sai an tafasa kafin a sake amfani da shi, kananzir ɗin tafasawar kuma daga aljihunta. Mace mai naƙuda sai ta zo da sabulunta da rezarta da fitilarta. Gwamnati ta ce tana tsuke bakin aljihu, ba a ɗaukar sababbin ma'aikata, wanda ya tafi ba a maye gurbinsa. 'Yan ajinsu masu wayo suka watse, wasu Ingila, wasu Saudiyya, wasu suka buɗe kantin magani a Tamale.

"Yaya," na ce mata, "an koya miki sunan magani dubu, an kawo ki inda babu ko ɗaya. Wannan aiki ne ko gadi?"

Ta yi murmushi ta ce, "Ana dai samun abin yi."

Wannan amsar tata tana ci min rai. Shekaru ta yi tana ba ni ita. Ta yi aure can, ta haifi yara biyu, takalminta ya huje ta toshe da kwali, albashinta ba ya kai ta ƙarshen wata. Ni da ban wuce aji shida ba, albasa ta gina min ɗaki ta sa min kwano a kai.

Sai aka kawo dokar biya kafin magani. Yanzu magani yakan zo, amma yana kulle, ba a fitarwa sai an ga kuɗi. Wata safiya aka kawo mata yarinya mai amai da gudawa, ta riga ta galabaita, ruwan gishiri da sukari ba ya zama a cikinta, sai ƙarin ruwa ta jijiya. Ruwan yana nan a ɗakin ajiya, ana hango shi ta taga. Mai riƙe da makulli ya ce shi ma in ya fitar kuɗin a wuyansa yake. Uban yarinyar ya hau keke da zabinsa ya tafi kasuwa ya sayar ya kawo kuɗin. Kafin ya dawo yarinyar ta cika a hannun Yaya.

Bayan wannan ne ta aiko min da saƙo ta bakin wani direba: in nemi mata wuri a kasuwa. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na samar mata rumfa kusa da tawa, na shiga lori har Yendi na ɗauko ta. Ta ɗauki hutu da niyyar ba za ta koma ba. Ta linke kayan aikinta ta danna su can ƙasan jaka. Muka ce bari mu fara gangarawa Salaga mu sanar da manya, sannan mu wuce Bawku.

Da muka shiga gida Mma ba ta fito ba. Goggo Asiatu ce ta tare mu, ta ja ni gefe. Kurkunu ne ya kwantar da Mma, in ji ta. A Salaga ta lokacin wannan ba labari ba ne, in rani ya yi kowa ruwan tafki yake sha, kusan kowane gida akwai mai ɗingishi. Tsutsar takan ɓullo ta ƙafa, a riƙa naɗe ta a tsinke sannu a hankali har ta fita. Ta Mma wata maƙwabciya ce ta yi gaggawa ta ja, ta tsinke a ciki. An sa ganye, an sa man kaɗe, wanzami ma ya zo ya yi nasa. Kuma Mma ta hana kowa ya aika wa "waccan".

Na shiga ɗakin, wari ya fara gaishe ni. Ƙafar ta kumbura har sama da gwiwa, tana sheƙi, jikinta kamar garwashi. Na fito na faɗa wa Yaya abin da na gani. Ta yi min tambayoyi, kumburin ya kai ina, akwai jan layi da ya hau sama, tana rawar sanyi? Sannan ta ce a hankali, "In ba a buɗe shi yau an wanke ba, ƙafar za ta tafi. Wataƙila ba ƙafar kaɗai ba."

Na koma na ce Yaya za ta shigo ta duba.

"Kada ta shigo," in ji Mma.

"Mma, nas ce fa. Gari guda take dubawa."

"Ta je ta duba su. Ni zan yaye zane har cinya a gaban 'yar fari? Uwata ba ta yi ba, ba da ni za a fara ba."

"To, mu tafi asibiti."

"In je a tsaya ciniki a kaina, ƙarshe a yanke min ƙafa? Ku bar ni a ɗakina."

Na yi faɗa, na yi kuka, na ce wannan ba kunya ba ce, kisan kai ne. Goggo ta roƙa. Matar liman ta zo ta yi nasiha. Mma ta juya fuska bango. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa, labule kawai ke tsakaninsu. Sau ɗaya ta ce, "Mma." Ba a amsa ba. Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Ga mace ta yi shekaru tana fama da rashin kayan aiki, yau ga ciwon da hannunta kaɗai ya isa, kuma hannun ne aka hana.

Sai ta ɗauki jakarta ta wuce gidan Goggo. Na ɗauka fushi ta yi. Can sai muka ji sallama daga zaure, irin ta baƙo.

"Salamu alaikum, masu gida. Nas ce daga asibiti. An ce akwai mara lafiya a nan."

Ga ta cikin koriyar rigar, duk ta yamutse saboda zaman jaka, da farin ƙyallen da hular da agogon. Na buɗe baki zan ce wannan wane irin wasa ne, Goggo ta take min ƙafa. Babu wanda bai san muryar ba, Mma ta fi kowa saninta.

Daga cikin ɗaki muka ji, "Nas ta shigo."

Abin da aka yi aikin da shi duk na gida ne: ruwan da aka tafasa da gishiri, sabuwar reza, farin zanen Goggo da aka dafa aka yayyaga. Kafso kawai na je na sayo a kantin magani. Ni na riƙe kwano. Mma ba ta dubi fuskarta ba, agogon ƙirjinta ta ƙura wa ido. Da rezar ta shiga, Mma ta cafke damtsen Yaya ta riƙe gam. Tun da aka yaye ta, ranar ce farkon da hannun uwarta ya taɓa ta. Yaya ta ci gaba da matse mugunyar.

"Sannu, Mma," ta ce, kamar yadda take ce wa kowace tsohuwa.

"Sannu da aiki, Nas."

Haka aka ci gaba. Safe da yamma Yaya za ta sa kayan a gidan Goggo, ta fita ta titi, ta shigo ta zaurenmu da sallama. Da rana in tana cikin zaninta na gida tana wanke-wanke, Mma ba ta ko kallon sashinta. Amma da Nas hira suke yi. Zazzaɓin ya sauka, kumburin ya fara sacewa, hirar ta ƙara tsawo. Mma ta tambaye ta inda ta yi karatu, da sunayen yaranta, da ko mijinta yana kyautata mata.

Rannan ina zaune ina tsinke albasar miya, Mma ta ce, "Aikin naku da wuya, ko?"

Yaya ta ba ta labarin kantoci wayam, da ɗakin da ke kulle, da yarinyar da ta cika. Ta ce, "Na gaji, Mma. Ke ce ta ƙarshe da zan duba. In kin warke zan ajiye rigar in tafi kasuwa."

Sai Mma ta ce, "Ina da 'ya mai irin aikinki, can wajen Yendi. Ita na fara haifa." Ta gyara kwanciya. "Tana ƙarama ta yi ƙyanda a gidan Goggonta. Ban iya shiga ba. A bayan katanga na riƙa tsayawa ina jin numfashinta har ta warke. Ranar da ta tafi karatu kuma na kasa cin abinci. Ba ta sani ba, ba yadda za a yi in faɗa mata."

Yaya tana naɗe ƙyalle a ƙafar, kanta a sunkuye. Hawaye yana ɗiga a kan farin ƙyallen gabanta, ba ta share ba saboda hannuwanta suna kan aiki.

"In kin gan ta," in ji Mma, "ki ce ta riƙa cin abinci, ta rame da yawa. Ke kuma, Nas, in kin ajiye rigar, to shi ke nan. Sai dai ban san wa zan riƙa ba wa saƙo gare ta ba."

Ni da bakina ba ya ajiye magana, na tashi na fita da albasata.

Mma ta warke, sai ɗan ɗingishi da ya rage mata. Ranar tafiya muka je tasha tare da Yaya. Lorin Tamale yana lodi, daga can ake samun na Bawku, na Yendi kuma yana gefensa. Ta miƙa wa yaron lorin Yendi jakarta. Na ce, "Rumfar fa?" Ta ce in ba wa wata.

Ba abin da ya gyaru a asibitin nan don ta koma. Ɗakin ajiya bai buɗe kansa ba, albashi bai kai ƙarshen wata ba, kuma har gobe ina cewa gwamnati ta ci amanar su Yaya. Wanda ya tambaye ni ko 'yarsa ta shiga karatun nas, nakan faɗa masa wahalar tukuna, ba na ragewa. Amma duk Sallah Yaya takan sauka a tashar Salaga, ta shiga gidan Goggo ta sa koriyar riga, sannan ta zo ta yi sallama a zauren uwarta, su zauna tabarma ɗaya har la'asar. Da rigar ta koɗe ta fara yagewa a hammata, ni na tsallaka iyakar ƙasa na sayo mata sabon yadi, na kai wa tela da kaina.