Ranar da Tormenta Ta Ƙi Karo

Mijin yayata, Fortunato Larosa, ya shekara arba'in da shida a Aosta, garinmu da ke cikin duwatsun arewacin Italiya, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa zaginsa a shagon kofina ba. Kada ku ɗauka yabo nake yi. Wannan rashin zagin ne ya kusa raba ni da yayata, ni Palmira da ba ni da kowa sai ita.

Yana ɗan shekara sha bakwai ya sauko daga jirgin ƙasa, ɗan Kalabriya, can ƙarshen kudu, da akwatin kwali ɗaure da igiya da kwalbar man zaitun da uwarsa ta cusa masa cikin safa. Watan Nuwamba ne. Da bakinsa yake ba da labari cewa ya fito daga tasha yana ɗaga kai yana neman rana, aka ce masa ai ta shige bayan dutse, sai gobe. Ya ce to ina teku? Aka nuna masa kogi. Kashegari ya kama aiki a kamfanin ƙarfe da ya cinye filin da ke tsakanin tasha da kogin, aka ba shi gado a unguwar ma'aikata tare da sauran 'yan kudu. Shekara talatin da uku ya yi a bakin tanderu, har girarsa ta daina fitowa, kafin kamfanin ya rage mutane ya sallame shi da fansho.

A kasuwar Talata ya ga Yaya Delfina tana taya babanmu sayar da cuku. Sati bakwai yana sayen cukun da ba ya iya ci. Babanmu ya yi ta gunaguni kafin ya yarda, ba don komai ba sai don ya ga mutumin yana barbaɗa barkono a kan tuwon masara. Amma ya ba shi ita, kuma ban taɓa jin ta yi da-na-sani ba.

To ga inda matsalar take. Mu 'yan kwarin nan muna da yarenmu na dutse, ba Italiyanci ba ne, ba kuma Faransanci ba. A zamanin kakanninmu gwamnati ta so ta kashe shi, har sunayen ƙauyuka ta sauya, shi ya sa muke kishinsa. Da shi muke faɗa, da shi muke tsokana. A shagona, jikin tsohuwar ganuwar Romawa, akwai teburin tsofaffi masu karta, kuma kowa a teburin yana da sunan tsiya. Akwai Mai Tumbi, akwai Gurgu wanda ƙafarsa lafiya lau, sai shugabansu Baba Prosper, makiyayi, da ake ce wa Hanci. Daga safe zuwa azahar zagin juna suke yi. Amma da Fortunato ya turo ƙofa, sai kowa ya gyara zama, a juya harshe zuwa Italiyanci.

"Barka da asuba, Malam Larosa. Ga kujera. Yaya iyali?"

Mu a ganinmu ladabi ne, kada baƙo ya zauna ana magana bai ji. Ni ma haka nake yi masa, Yaya ma a cikin gidanta haka take yi.

Wata rana da tsofaffin suka watse ya jingina da kantar shagon ya ce, "Ƙanwata, sau nawa kika ji an ce mini wawa a teburin can?"

Na ce, "Haba mijin Yaya, abin da ya dame ka ke nan? In wawa kake so, ni zan riƙa ce maka safe da yamma, kyauta."

Ya ce, "Ke ma da Italiyanci za ki faɗa."

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. A shekarar ne kuma ƙanwarsa ta fara bugo waya daga kudu, wai gidan ubansu ya zama kango, itatuwan lemo ba mai kula da su, ya dawo gida mana tun da sauran ƙarfinsa. Sai kawai muka ji mutumin nan ya sayi maraƙa.

Baƙaƙen shanunmu gajeru ne masu kaurin wuya. Idan aka hau da su makiyayar kan dutse a watan Yuni, su da kansu suke karo da juna har a san wadda za ta ja garke. Daga nan gasar karo ta samo asali. Saniyar da ta zama sarauniya ana rataya mata ƙararrawa mai faffaɗar ɗamarar fata, mai ita kuwa shekara guda ana tsayar da shi a hanya ana gaisawa. Fortunato ya lissafa cewa duk wanda saniyarsa ta yi karo a fili, ba a ƙara ce masa baƙo. Ya raɗa mata suna Tormenta, wato guguwa, ya ɗaure ta a tsohon ɗakin shanun babanmu da ke gangaren sama da gari, inda yanzu gidajen masu kuɗi suka kewaye.

Kai jama'a, na ga kiwo! Kullum da sassafe yana kan keke da burodi a aljihun kwat. Ya goge ta da buroshi, ya ɗumama mata ruwa, in sanyi ya yi ya lulluɓe ta da bargon da aka ba su kyauta ranar aure. Har rediyo ya kai mata don kada kaɗaici ya dame ta. Yaya ta ce shekara arba'in tana aure, ba a taɓa tambayarta ko ruwan wankanta ya yi ɗumi ba.

Da Yuni ya zo, Baba Prosper ya ce a kawo ta ta hau dutse da garkensa, kwana ɗari kamar kowace saniya. Fortunato ya kai ta da kansa. Kwana biyu ya koma ya dawo da ita.

"Shanun can ba su da tarbiyya," in ji shi a shagona. "Ina tsaye wata ta tunkuɗe ta daga bakin ruwa. Ga ƙuda, ga sanyi. Yarinyar ko ci ba ta yi."

Baba Prosper ya sosa hancinsa ya ce da Italiyanci, "Yadda ka gani, Malam Larosa. Saniyarka ce."

Fortunato bai gama rufe ƙofa ba tsohon ya juya da yarenmu ya ce, "Wannan ba saniya yake kiwo ba, 'ya yake reno." Teburin ya fashe da dariya, ni ma na yi. Duk mun san saniyar da ba a taɓa tunkuɗa ba, ba ta san dalilin karo ba. Shekara uku ana haka, kuma ladabi ya hana ko ɗayanmu ya faɗa masa a fuska.

A shekara ta huɗu Tormenta ta ɗauki ciki, don sai mai ciki ake bari ta shiga fili, ya rubuta sunanta a gasar farkon Oktoba. Ana saura sati muna cin abinci a gidansu ya ajiye cokali ya ce, "In ta yi karo ko sau ɗaya ne, a nan za a binne ni. In ta kunyata ni, na gane garin nan ba nawa ba ne. Sai mu tafi inda aka san sunan ubana."

Na dubi Yaya, ina jira ta ce masa ya daina shirme. Sai ta ce, "Inda ya sa ƙafa nan zan sa, Palmira." Tsoro ya kama ni sosai, don na san mutumin nan ba ya magana biyu.

Ranar Lahadi aka taru a filin bayan gari, ƙanƙarar farko ta riga ta sauka a kan duwatsu. Aka ɗora shanu a sikeli, aka dakusar musu da tsinin ƙaho, aka rubuta wa kowace lamba da farin fenti a kwiɓi. Tormenta tana ta ƙyalli, mutane har tsayawa suke yi suna kallonta. Fortunato ya sha guga, ya tsaya ƙiƙam a bakin shinge. Da aka jefa ƙuri'a, sai ta faɗo da saniyar Baba Prosper, wata tsohuwa ramammiya mai suna Bimba, ƙahonta ɗaya da rabi.

Aka sake su. Bimba ta sunkuyar da kai tana tonon ƙasa da kofato, tana huci. Tormenta ta tako a hankali, ta shinshina ta, sannan ta miƙa harshe ta lashe mata kunne. Bimba ta ɗan dungure ta da goshi, dungurin gargaɗi kawai. Shi ke nan! Guguwar tamu ta juya da gudu, ta ratsa filin nan kaf, ta zo bakin shinge ta cusa hanci a aljihun Fortunato ta zaro burodi. Ta tsaya tana ci a gaban mutum sama da dubu.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mai sanarwa ma kasa magana ya yi. Ni kuwa ban yi ba, don fuskar mijin yayata nake kallo. Ya shafa wuyan saniyarsa, ya kama igiya, suka hau gangare a ƙafa shi da ita.

Da safiyar Litinin Yaya ta bugo ta ce ya sa ta sauko da akwatuna, shi kuma ya fita tasha tambayar jirgi, zai biyo ta shagona ya yi sallama da mutane. Teburin kuwa tun da na buɗe suke kan maganar. Mai Tumbi yana kwaikwayon gudun Tormenta, Baba Prosper yana dukan tebur, hawaye na zubo masa. Sai ga Fortunato cikin kwat ɗinsa na zuwa coci. Na yi musu alama da ido, kowa ya gyara zama, ban da Baba Prosper. Dariya ta riga ta ci ƙarfinsa, ya manta da ladabi, ya manta da Italiyanci. Ya nuna shi da yatsa ya kwarara da yarenmu:

"Kai, Uwar Saniya! Zo nan, wawan banza! Wa ya ce maka ana yin sarauniya da bargo da rediyo? Shekara sittin ina kiwo ban taɓa ganin sakarai irinka ba. Ka lalata saniya mai kyau, saura ka goya ta a baya!"

Na riƙe kofi a hannu na kasa ajiyewa. Fortunato ya tsaya a tsakiyar ɗaki, kunnuwansa sun yi ja. Sai ya buɗe baki, kuma da yarenmu ya yi magana. Harshen a karkace, amma kalmomin na marigayiya innarmu ne, irin waɗanda take jifan kaji da su.

"Kai tsohon kwano, mai hanci kamar mariƙin buta! Da ka san haka, me ya hana ka faɗa mini tun shekara uku? Bakinka ciwo yake yi?"

Baba Prosper ya saki baki. "Tun yaushe kake jin yaren nan?"

"Tun kana da gashi. Ina bakin ƙofa ranar da ka ce 'ya nake reno."

Kunya ta rufe mu duka, ni har da neman abin gogewa a kanta. Tsohon ya sosa hanci. Sannan ya sa ƙafa ya turo wata kujera, ba tare da ya ce ga kujera ba.

"To zauna ka raba karta, hannunka ba a karye yake ba. Kuma Yuni mai zuwa ka kawo ta dutse. In na ga ƙeyarka a can kafin ƙarshen Satumba, kare zan sakar maka."

Ya zauna, ya raba karta. Suka cinye shi sau uku a jere, kowane zagaye da irin zagin da ya sha. Can ya ɗago ya ce, "Palmira, kofi!"

Na ce masa da yarenmu, "Tashi ka ɗauka da kanka, Uwar Saniya. Baiwarka ce ni?"

Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna girgiza. Gurgu ya ce dariya yake yi, aka bar shi a haka. Na shige bayan kanta na buga wa Yaya waya.

"Yaya, mayar da akwatunan nan. An zage shi."

"Wa ya zage shi?"

"Hanci. Tas ya wanke shi, a gaban kowa. Ni ma na ƙara masa."

Ta ce a hankali, "Da wane yare?"

Na ce, "Da namu."

Sai na ji ta fashe da kuka, tana cewa, "Allah na gode maka."